Kujerar motata ta tsattsage, ko man kaɗanya zai gyara ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2009, 'yar Beljiyam, mai kujerun fata. Kujerar direba ta koɗe, gefen da nake gogawa in zan fita kuma ya tsattsage kamar faso. Wani abokina ya ce in riƙa shafa man kaɗanya, wani ya ce Kiwi. Wanne zan bi, ko sai an sake ɗinki? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah ka ajiye man kaɗanyar nan, Kiwi ma haka. Abokinka yana tunanin fatar da majema ke jemewa da bagaruwa ne, wadda dukawa ke yin jaka da takalmi da ita. Waccan tana shan mai ta yi laushi. Fatar kujerar mota dabam take: yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, a fesa mata fenti, a kuma rufe da wani siririn shafi mai hana ruwa shiga. Ɗiga mata ruwa ka gani, zai tsaya a kai. Mai ma haka zai tsaya, ya kama ƙura, ya shige cikin tsagar, ranar da aka zo gyara kuma fenti ya ƙi kamawa. Kiwi kuwa a jikin farar shaddarka zai ƙare.

Sau da yawa abin da ya tsage fentin saman ne, fatar tana nan lafiya. Rana ce ke ƙona shi, don motar da aka rufe a rana zafin cikinta kan haura digiri 60, hunturu ya busar, ƙura da gumi su ƙarasa. Sa yatsa ka ɗan buɗa tsagar. In ba ka hango soso ba, gyara zai yiwu.

Fara da wanki: ruwa mai ɗumi, sabulu marar kaifi, burushi mai laushi, kana gogewa da tsumma. Ban da omo, haifo, fetur da kananzir. Wani abin da ake ɗauka tsaga ce, daga nan za ka ga datti ne kawai ya kwanta a cikin lanƙwasar fatar. In ta bushe a inuwa, goge wurin da ɗan sifirit, ka bi shi a hankali da sanfefa mai laushi, kamar lamba 800. Sai filar fata, wato abin da ake cike tsagar da shi, wadda ba ta sandarewa in ta bushe. Kada ka yarda a sa maka filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, zama ɗaya za ta farfashe. A nan ne aikin ke son haƙuri: shafi kaɗan-kaɗan, kowanne ya bushe kafin a ƙara, har wurin ya daidaita da sauran. Na fi son a yi siraran shafi da yawa a kan mai kauri guda ɗaya, don mai kaurin shi ke ɓarewa. Bayan haka fentin fata mai narkewa a ruwa, da soso ko feshi. Gwada launin a ɓoyayyen wuri tukuna, ka jira ya bushe, don jiƙaƙƙen fenti yana yaudarar ido. A rufe da shafin kariya, a bar kujerar ta kwana biyu ba a zauna ba.

In kuwa soso ya leƙo, je wurin masu kushin su canza wannan ɓangaren kaɗai. Motoci da yawa tsakiyar kujerar ce fata, gefe da baya leda ne, kuma leda in ta fara ɓarewa da wuya ta gyaru.

Abin da ya fi damuna shi ne jakar iska. Duba gefen majinginar ta wajen ƙofa, wataƙila ka ga an rubuta SRS, alamar akwai jakar iska a cikin kujerar. Ɗinkin wurin an yi shi ne ya farke in an yi haɗari, jakar ta fito. In mai kushin ya maimaita shi da zare mai ƙarfi, ko aka sa wa kujerar rigar da ta rufe wurin, jakar na iya kasa fitowa. Ka nuna masa alamar da kanka kafin ya sa almakashi.

Bayan gyara, nemi inuwa, ka sa abin tare rana a gilashin gaba, ka riƙa goge ƙura da ɗanyen tsumma duk mako.