Tambaya da Amsa: Wasan sojoji a talabijin ya tayar wa maigidana da hankali

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana tsohon soja ne, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan ta Kudu. Muna bin wani wasan kwaikwayo na sojoji, inda wani saurayi ya ba da ransa domin ya ceci abokinsa, ya bar budurwarsa tana jiran dawowarsa. A daren da aka nuna mutuwar sai maigida ya miƙe jikinsa na ɓari, kuma wata biyu ke nan ba ya barci sai firgita da ihu. Surukata ta ce aljanun fagen fama ne suka biyo shi, za a kai shi wani gida a bayan gari a ɗaure. Hankalina ya tashi. Daga wata matar aure a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Sai an duba shi ido da ido kafin a yanke hukunci, amma abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Wasan ya fama masa tsohon miki ne kawai, kuma ciwon na iya kwanciya shekaru kafin ya taso. Ki lura ko yana zama bayansa a jikin bango yana fuskantar ƙofa, ko ƙarar salansar babur tana sa shi ya zabura.

Maganar aljanu ita ce ta fi damuna, domin kullum ina cin karo da ita. Mu mutanen zango mun daɗe da sanin soja. Kakanninmu sun je yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar a yau) a yaƙin duniya na biyu, lokacin da Hausa ce harshen bariki, kuma tun daga Kwango a 1960 sojojin Gana ba su daina fita aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ba. A 1994 dakarunmu ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho sun tsaya a Ruwanda ana tsakiyar kisan kiyashi, bayan wasu ƙasashe sun kwashe nasu. Mutumin da idonsa ya ga irin wannan, me zai sa a nemo wani dalili na ɓoye kafin a yarda cewa zuciyarsa ta ji rauni? Na sha duba marasa lafiya da tabon sarƙa ya zagaye idon sawunsu, an hana su abinci da sunan azumi, an yi musu bulala wai ana korar iska, iyalinsu kuma sun sayar da abin hannunsu sun biya. Wanda ciwonsa shi ne jin cewa an rutsa da shi babu mafita, idan aka ɗaure shi an mayar da shi cikin abin da yake gudu ne. Wannan zalunci ne, kuma hukuma ta hana: akwai Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, sannan a 2017 aka haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Addu'a da karatun Alƙur'ani a gida alheri ne, ku dage da su. Yarda da ƙaddara kuwa ba ta taɓa hana Musulmi neman magani ba, ko da masu shirya wasanni suna son nuna mana jarumin da ya haɗiye baƙin cikinsa har soyayyar mace ta warkar da shi. Haƙurinki yana da amfani ƙwarai, amma ba zai maye gurbin likita ba.

Ku fara da asibitin sojoji na 37 da ke Accra, ko asibitin masu taɓin hankali na Accra ko na Pantang. Maganin da ya fi tasiri shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki, wani lokaci a haɗa da ƙwaya irin su sertraline, wadda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinta. Kada ku saya masa diazepam ko tramadol a kemis don ya samu barci, suna kama jiki kuma ba sa warkar da ciwon. A dakatar da kallon wasan a gabansa, kada kuma a matsa masa ya ba da labarin yaƙi. Ki nemi wani dattijo ko limamin da surukarki ke jin nauyinsa ya yi mata bayani cikin ladabi. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, ko kika ji tsoron zai cutar da ke ko yara, ki kawar da duk wani makami, ki kira 112 a daren, kada ki jira gari ya waye.