Me ya sa hadari ke tasowa daga gabas alhali teku na kudu?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Kumo. An ce danshin damina daga teku yake zuwa, ta kudu maso yamma. To me ya sa hadari kusan kullum ta gabas yake haɗuwa, kuma iska mai ƙura ke riga ruwa isowa?

Amsa: Abin da aka gaya maka haka yake, Malam, amma labarin iskar ƙasa ne kawai. Iska biyu ke karo a yankinmu: busasshiya daga Sahara, da mai danshi daga tekun Atlantika. A damina mai danshin ta fi sanyi da nauyi, sai ta kutsa ƙarƙashin busasshiyar. Iyakarsu kan sauka kusa da gaɓar teku a Janairu, ta haura wajen digiri 20 arewa da layin da ya raba duniya biyu a Agusta. Jihar Gombe kuwa, inda Kumo take, tana wajen digiri 10.

Juyawar duniya ce ke hana su gaurayewa nan take. A arewacin duniya, duk iskar da ta yi doguwar tafiya sai ta karkata dama, abin da ake dangantawa da Bafaranshen nan Coriolis tun aikinsa na 1835. Maimakon ta tsallaka iyakar kai tsaye, sai ta bi gefenta. Wannan karkata, haɗe da bambancin zafin Sahara da na kudu, ke haifar da wata iska mai ƙarfi a tsayin kilomita 3 zuwa 4, daga gabas zuwa yamma. Ita ke koro hadarin, danshin ƙasa na ciyar da shi.

Iskar da ke tayar da ƙurar kuwa daga cikin hadarin take fitowa. Ruwan da ke zubowa yana ratsa busasshiyar iska, wani ya ƙafe ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta rikito ƙasa ta bazu gaba. Shi ya sa za ka ji sanyi ya buge ka farat ɗaya, ganyen dalbejiya na tashi, kwanon rufi na ƙara, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Goshin iskar nan na cilla mai ɗumi sama, sabon gajimare ya haɗu, har hadari ɗaya ya ci ɗaruruwan kilomita bai mutu ba.

Guguwar tsakar rana da ke murɗa kara a gona ba ruwanta da juyawar duniya. Ta yi ƙanƙanta, hagu ko dama duk tana juyawa.

A Afrilu da farkon Mayu danshin bai yi kauri ba tukuna, don haka hadari kan ƙare a ƙura da yayyafi. Ni dai ba zan ba ka shawarar shuka a kansa ba.