Amsar Baffa kan gayyatar zauren Grange

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce tun da kuka tare a wannan ƙauyen na jihar Vermont ta Amurka maƙwabta sun gayyace ku har sau biyu zuwa wani tsohon gini mai farin fenti da suke kira Grange, wai ranar Asabar akwai cin abinci da kiɗa da rawa, kuma sun ce za su yanka maka fili a lambun bayansa. Kana tambaya ko coci ne, ko ƙungiyar asiri, ko kuwa wurin da mutum zai shiga da matarsa da 'ya'yansa hankali kwance.

Ba coci ba ne. Ƙungiyar manoma ce, kuma ta kwana biyu. An kafa ta ranar 4 ga Disamba 1867 a birnin Washington, wani manomi daga Minnesota mai suna Oliver Kelley ne ya ja gaba, shi da mutum shida. Manomin Amurka ba ya zama cikin gari ya fita gona da safe kamar namu. Gidansa na tsakiyar gonarsa, maƙwabci na can nesa, in hunturu ya shigo sai a yi makonni ba a ga juna ba. Ga kamfanonin jirgin ƙasa da masu rumbunan ajiyar hatsi suna yanka musu kuɗi yadda suka ga dama. Kaɗaici da wannan cuta su suka tara su. Sun matsa har jihohi suka yi dokokin ƙayyade farashin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon yin haka a 1877, kuma da ƙoƙarinsu aka fara kai wa mutanen karkara wasiƙa har gida a 1896. Tun farko mace cikakkiyar mamba ce mai ƙuri'a, bisa nacin Caroline Hall, wadda Kelley yake kawunta.

Zancen asiri kuwa yana da tushe. Kelley ɗan ƙungiyar Mason ne, ya aro tsarinsu: matakai bakwai, huɗu a reshen ƙauye, sauran uku a gunduma da jiha da ƙasa. A zaman mambobi akan buɗe Baibul a kan teburi a tsakiyar zaure, a yi addu'a, kuma akwai muƙamai uku na mata masu sunan Ceres da Pomona da Flora, sunayen gumakan Rumawan dā ne da suke ɗauka alamar hatsi da 'ya'yan itace da furanni. Ka san wannan kafin ka sa hannu a takardar zama mamba. Amma abin da aka gayyace ku daban ne. Cin abinci da rawa na kowa da kowa ne, sau da yawa ma wata ƙungiyar masu rawa ce ke hayar zauren. Shawarata ku je a matsayin maƙwabta, zancen zama mamba ka bar shi sai ka shekara kana gani.

Abincin na karo-karo ne. Kowane gida na kawo kwano ɗaya da zai ishi mutum takwas zuwa goma, da cokalin zubawa, a manna suna a gindin kwanon don ya dawo. Dafa-dukan shinkafa da kaza tana karɓuwa, amma maiɗakinka ta rage attaruhu sosai, ta sa yaji a gefe. Ta rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: akwai yaran da gyaɗa ke toshe wa numfashi, don haka miyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yajin tsire kada su hau teburi ba rubutu. Ku ma ku yi tambaya. Waken da suke gasawa da zaƙi, wanda shi ne abincin daren Asabar a wannan yankin, galibi da naman alade ake dafa shi, kuma wasu na kwaɓa ɓawon fankensu na tuffa da kitsensa. Tambaya ba ta ɓata musu rai, sun saba da ita. Abinci mai zafi kada ya wuce awa biyu a ajiye yana hucewa, shinkafa musamman. In an gama, kada ka ɗauki kwanonka ka kama hanya. Ka naɗe hannun riga ka shiga wanke-wanke ko kwashe kujeru. A ɗakin girkin nan ake sanin mutum, kuma nan za ka ji wa ke da garma, wa ke sayar da itacen hura wuta.

To, rawar. Sunanta kontira, kuma zaurukan Grange na wannan yanki sun yi suna a kanta, kamar na kusa da Montpelier da na Greenfield a Massachusetts. Makaɗa na zaune a kan dandamali, mai goge irin na Turawa da mai piyano ko jita, sai mai kira riƙe da makirufo, shi ke faɗa wa masu rawa abin da za su yi. Galibi akan koya wa sababbi na rabin awa kafin a fara, sannan a yi kamar awa uku da hutu a tsakiya. Ana jeruwa dogayen layuka biyu, kowa na fuskantar abokin rawarsa. Daga wajen makaɗa ake fara kama hannu mutum huɗu-huɗu har ƙarshen layi. Biyun da suka ba makaɗa baya su ne na ɗaya, za su riƙa gangarawa. Waɗanda ke kallon makaɗa su ne na biyu, za su riƙa haurawa. Mai kira zai bi da su a hankali ba kiɗa, sau ɗaya ko biyu, sannan a saki goge.

Kiɗan taku 64 ne, kashi huɗu na sha shida-sha shida, kusan rabin minti ke nan. Da ya zagayo, kai da abokinka kun tsinci kanku gaban wasu sababbin mutum biyu, a sake daga farko. Haka har minti takwas ko goma. Wanda ya kai ƙarshen layi ya tsaya zagaye ɗaya, ya musanya gefe da abokinsa, ya dawo da ɗaya lambar. Tafiya ce kawai bisa kiɗa, ba tsalle, ba girgiza. Inda sababbi ke ɓata ta sananne ne. Sabo ya ɗauki sabo, sai su rikice tare su rikita na kusa. Gara kowa ya nemi tsohon hannu, ai al'adar ma ita ce a sauya aboki a kowace rawa. Wani ya saki hannu laɓo-laɓo, alhali juyin da mutum biyu ke yi riƙe da juna na bukatar kowa ya ɗan ja baya da nauyinsa don a riƙe juna. Wani taku ya wuce shi ya tsaya rama shi, sai ya makara a na gaba; abin da ya wuce a bar shi, a tsaya inda ake jiran mutum. Jiri kuwa, maganinsa kallon fuska ko kafaɗar abokin juyi maimakon bango. Kuma ba a ficewa daga tsakiyar layi, don mutum ɗaya ya fita ya bar uku a tsaye. Ka riƙe takalmi mai tsabta mai laushin ƙasa a jaka ka sauya a bakin ƙofa, domin yashi da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara suna cin katakon daɓen, gyaransa kuwa da kuɗin sayar da abinci ake tarawa.

Ga abin da ya fi damunka ko da ba ka faɗa ba. A rawar nan maza da mata na kama hannu, a juyi hannun namiji na kan bayan mace, kuma kafin a gama rawa ɗaya ka taɓa kusan kowa a layin. Ba batsa a ciki, tsofaffi da jikokinsu ne, kuma zauruka da yawa ba sa yarda a shigo da giya. Duk da haka taɓawar tana nan, kai ka san abin da addininka ya ce, ni kuma ba zan ce ka shiga ba. Akwai kujeru jere a jikin bango, wanda aka nema ya ce "a'a, na gode" ya wadatar, ba mai bin ba'asi. Mai karɓar kuɗi a ƙofa da mai dafa shayin hutu su ma 'yan taro ne.

Lambun shi ne na fi so ka riƙe da hannu biyu, amma ka ajiye lissafin damina. Can sanyi ne ke mulki. Raɓa mai daskarewa takan kai tsakiya ko ƙarshen Mayu, ta dawo ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kwana ɗaya tak ta ƙone tumatir ƙurmus. Shi ya sa ake renon irin tumatir cikin gida mako shida zuwa takwas kafin dashe, attaruhu kuwa tun farkon Maris. Kafin dashe a riƙa fitar da su waje kaɗan-kaɗan na kwana bakwai zuwa goma. Wanda ya fitar da su kai tsaye zai ga ganye ya yi fari ya bushe. Tsofaffin wurin ba sa dasawa sai bayan hutun Litinin ta ƙarshen Mayu. Ka bar tazarar santimita 60 tsakanin tumatir, ka kafa musu sanda, ban ruwa a gindi da safe, don jiƙa ganye ke kawo cutar da ke baƙanta shi. Ka aika ƙasar fangalinka Jami'ar Vermont a auna, musamman in yana kusa da bangon zauren, saboda tsohon fenti na da dalma. Bareyi na tsallake duk shingen da bai kai mita biyu da rabi ba. In kun dawo daga lambu a duba jikin yara, kaskar wurin na sa ciwo.

Alayyahu zai yi maka kyau. Kuɓewa sai Yuni in ƙasa ta ɗumama, a shimfiɗa baƙar leda a huda a shuka. Yakuwa za ku ci ganye, amma kada maiɗakinka ta sa rai da zoɓo, don ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya iso. Kada ka sa a ɗauro maka iri daga gida cikin kaya, dokarsu na da tsauri a kan haka. Akan yi musayar iri a irin waɗannan zauruka a ƙarshen hunturu, can za ka samu wanda ya saba da ƙasar. Tafarnuwa kuma a Oktoba ake binne ta, zurfin santimita 5, tazarar 15, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, a tone a Yuli in ganyen ƙasa sun bushe. Ka tambayi mai kula da lambun ko za a ba ka fangalin tun kafin Oktoba.

Ka gaida maiɗakinka da yaran.

Baffanka.