Amsa ga jikata kan abin da ba ya ƙarewa

Jikata, Allah ya yi miki albarka. Kin tambaye ni ko maganar da aka saba yi cewa taurari da yashi ba su da iyaka gaskiya ce, ko kuwa rashin iyaka a lissafi kaɗai yake.

Da farko ki raba abubuwa biyu, domin abin da ya gagari ƙirga daban yake da abin da ba ya ƙarewa. Ki ɗebi yashi a tafin hannunki. Za ki gaji kafin ki ƙirga ƙwayoyinsa, amma suna da adadi, kuma idan ƙwaya ɗaya ta faɗi adadin ya ragu. Taurarin da ido ke gani a daren da babu wata ma 'yan dubbai ne kawai.

A lissafi kuwa maganar ta tabbata, tunda duk lambar da kika ambata zan ƙara mata ɗaya in wuce ki. A shekarar 1874 Georg Cantor, masanin lissafi a Jamus, ya kawo hujjar da har yau take ba ni mamaki, wato shi kansa rashin iyakar wani ya fi wani girma, domin lambobin da ke tsakanin 0 da 1, wato irin su 0.5 da 0.25 har da waɗanda ba sa ƙarewa bayan ɗigo, sun fi dukkan lambobin ƙirga yawa.

Sararin samaniya ne ya fi wuya. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, an kuma kiyasta shekarun samaniya sun kai biliyan 13.8, saboda haka abin da muke hangowa bai wuce inda haskensa ya samu isowa gare mu ba, kuma wannan yanki yana da iyaka. Bayansa mai yiwuwa sararin ya miƙe har abada, mai yiwuwa kuma ya lanƙwashe kamar bayan ƙwallo, inda tururuwa za ta yi ta tafiya ba ta tarar da gefe ba alhali faɗin wurin ƙayyadadde ne. Ko lissafin masanin kimiyya Albert Einstein na 1915, da ke nuna cunkoson da ba shi da iyaka a tsakiyar baƙin rami, wato wuri a samaniya da tsananin ƙarfin jansa ya sa ko haske ba ya iya fita daga cikinsa, yawancin masana suna ɗaukarsa alama ce cewa lissafin ya gaza a nan.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Alkindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda ya ce babu jikin da zai zama marar iyaka a zahiri. Ni dalilina shi ne duk abin da aka taɓa aunawa da ma'auni adadi aka samu.