Re: Akwai littafin labari kan kisan Armeniyawa kamar na Yahudawa?

Malam, ka tambaya ko an rubuta labari kan kisan Armeniyawa na 1915 da kuma ko daidai ne a kwatanta shi da na Yahudawa da Jamus ta yi a zamanin Hitler. Akwai mana, kuma abin mamaki wanda ya fi shahara Bayahude ne ya rubuta shi, Franz Werfel ɗan birnin Prague, da Jamusanci, ya fito 1933, sunansa in an mayar Hausa "Kwana Arba'in na Musa Dagh". Marayun Armeniyawa ya gani suna aikin saƙar darduma a Dimashƙu, duk sun rame, shi ne abin ya tsaya masa a rai.

Labarin gaske ne ya ɗauko, mutanen wasu ƙauyuka wajen 4,000 suka ƙi yarda a kora su, suka haye dutsen Musa Dagh suka yi ta kare kansu daga sojojin Daular Usmaniyya ta Turkawa har kwana 53 kafin jiragen ruwan Faransa su kwashe su zuwa Port Said a Masar. Werfel ne ya mai da kwanakin 40, ka san arba'in ɗin Annabi Musa, ga dutsen ma sunan Musa gare shi.

Su Hitler suka haramta littafin a 1934, amma daga baya Yahudawan da aka killace a biranen Bialystok da Warsaw na Poland suka riƙa karanta shi hannu da hannu.

Ni dai a ganina kwatancen yana da amfani amma kar a wuce gona da iri, Jamus ta amsa laifinta, Turkiyya kuwa har gobe cewa take ba kisan ƙare dangi ba ne, rikicin yaƙi ne kawai.