Kukan taya da cin gefe ɗaya: amsoshin wasiƙunku na wannan mako

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan taya suka faɗo, kamar an haɗa baki. Damina ta tafi ta bar mana ramuka, ga kaka ta kama kowa na jigilar hatsi zuwa Dawanau, don haka ban yi mamaki ba. Ga waɗanda na zaɓa.

Wani direban DAF daga Funtuwa ya ce: "Wata uku ke nan da aka sa mini sababbin tayoyi biyu a gaba. Yanzu da na kai gudun 70 sai su kama kuka kamar jirgi zai tashi, kuma gefensu na waje ya fara cinyewa. Mai mota ya ce tuƙina ne. In sa shi ya sayo masu tsada, ko kamfanin tayar ne ba shi da kyau?"

Ɗan'uwa, kada ka sa a sayi komai tukuna. Gobe da safe kafin ka tayar da mota, ka durƙusa gaban tayar ka shafa tafin hannunka a kan zanenta, daga ciki zuwa waje, sannan ka dawo da shi daga waje zuwa ciki. Idan ta wani ɓangaren ka ji santsi, ta ɗayan kuma ka ji tana kartar hannunka kamar haƙoran zarto, to alaimen ne, wato saitin tayoyin, ya goce. Tayoyin gaba ana saita su ne bakinsu ya ɗan kalli juna kaɗan, a yawancin manyan motoci abin bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Idan ya zarce haka, gefen waje ke cinyewa, irin naka. Idan kuma suka buɗe baki suna kallon waje, gefen ciki ke tafiya. Bari in yi maka lissafi: taya mai lamba 315/80R22.5 tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya. Idan saitin ya goce da milimita 3 kacal, a kowace kilomita tayoyin nan biyu suna gurzar kwalta a karkace kusan mita 3 tsakaninsu. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Ka ga a tafiya ɗaya an ja su a kaikaice nisan da ya kusa kilomita 3, da lodi a kansu. Ko wane kamfani ya yi tayar, a haka sai ta cinye.

Amma kada ka zarce wurin mai alaimen kai tsaye. Ka fara sa bakanike ya ɗaga gaban da jak, ya cusa ƙarfe ƙarƙashin tayar ya ɗaga ya saki, ya kuma girgiza ta hagu da dama. Idan akwai wasa a kimfin (ƙarfen da wilin gaba ke karkata a kansa in an murɗa sitiyari), ko a tayarod (sandar da ke haɗa wilolin gaba biyu), ko a boris ɗin tsakiyar wili, a gyara shi da farko. Ni kaina an taɓa yi mini haka a wani gareji: aka ɗora mota a kan na'ura, kwamfuta ta nuna kore ko'ina, na biya na fita ina murna. Ramin farko da na faɗa, sitiyari ya koma inda yake, saboda kan tayarod ɗin ya riga ya mutu kuma ba wanda ya taɓa shi. Gyaran ƙafa da farko, sai alaimen, sai a yi maganar taya. Kuma ka sani, tayar da ta riga ta yi haƙora ba za ta yi shiru don an saita mota ba. Alaimen zai tsayar da ɓarnar ne kawai. Ka gaya wa mai mota wannan tun yanzu, kada gobe ya ce an cuce shi.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta rubuto: "Maigidana ya rasu bara ya bar mana motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta, da ita nake ciyar da marayu biyar. Direban ya ce akwai wani gurnani daga baya, wai sai an canja tayoyin baya huɗu. Ban san komai a kan mota ba, kuma ina tsoron ko dai a cuce ni ko in ƙi yi a yi haɗari."

Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tambayar da kika yi ita ce ta mai hankali. Ba lalle direbanki yana son cutar ki ba, sau da yawa su ma ji kawai suke yi su yanke hukunci. Ki sami wani ɗan'uwa da kika amince da shi ya shiga motar su ɗan zagaya. Kukan taya yana sauyawa da irin hanya: a kan sabuwar kwalta ya ragu, a kan mai kaushi ya ƙaru. Gurnanin boris kuwa ba ruwansa da kwalta, yana ƙaruwa da gudu, kuma idan aka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu sai a ji muryarsa ta canja. In sun tsaya, ya kai hannu kusa da tsakiyar kowane wili a hankali. Wanda ya fi sauran zafi sosai, ko dai boris ne ko birki ne ke kamawa. Idan kuma ƙarar na zuwa ne lokacin da aka taka totur, ta ɗauke in an saki, to a duba giyar da ke cikin aksil na baya da man da ke ciki.

Sannan ya dubi tayoyin da ido. Idan zanen ya yi kwari da tudu, kwari da tudu, zagaye da tayar kamar an ɗebe da ludayi, wannan yakan fito ne daga mataccen shakazoba (abin da ke hana mota tsalle-tsalle a gargada), ko rashin balansin, ko boris mai wasa. Ki kuma sa a duba ko tagwayen tayoyin da ke gefe ɗaya tsayinsu ɗaya. In an haɗa sabuwa da tsohuwa, doguwar ke ɗauke nauyin ta yi zafi, gajeriyar kuma tana jan ƙasa tana cinyewa. Boris bai kai kuɗin taya ɗaya ba, balle huɗu. Abin da kawai zan ja kunnenki a kai: in dai boris ne, kada motar ta sake ɗaukar kaya sai an canja shi, domin idan ya ƙone wili na iya ficewa ana cikin tafiya. Duk abin da aka cire kuma, ki ce a kawo miki tsohon gida ki gani.

Wani matashi daga Abuja ya ce ya sa wa Hilux ɗinsa manyan tayoyi masu ƙaton zane don ta yi kyau, yanzu ƙara ta hana shi jin waya a mota, yana tambayar ko alaimen zai kashe ta.

Ba zai kashe ta ba. Ka dubi gefen tayar za ka ga an rubuta M/T, wato ta shiga laka ce. Kai kuma lakar da ka sani ita ce ta wurin wankin mota a Wuse. Ka sayi ganga kana ƙorafin amo. Ko ka haƙura da ƙarar, ko ka sayar da su ka sa masu H/T (na kwalta) ko A/T (na kwalta da burji) daidai da lambar da ke jikin ƙofar direba.

Sai wasiƙar da ta fi ɗaga mini hankali, daga wani mai tirela biyu a Kano: "Kuɗin sabuwar taya ya fi ƙarfina. An nuna mini 'yan Beljiyam masu zane cike, a rabin farashi. Ina so in sa a gaba tunda na gaba ne suke kuka. Me ka gani?"

Alhaji, a gaba? A gaba fa ka ce? Tirela na da tayoyi da yawa a baya, in ɗaya ta fashe 'yar'uwarta ta riƙe har direba ya gangara gefe. A gaba kowane ɓangare guda ɗaya ce tak. Ta fashe a gangaren hanya da buhu ɗari shida a bayansa, sitiyari ya fizge daga hannunsa, sai dai wani ikon Allah. Kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, har da yaron mota da duk wanda tsautsayi ya kawo daura da shi.

Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja a 2008, tayar da muke hawa daga waje take zuwa, dala ta motsa ita ma ta motsa. Ban ce kuɗin ba ciwo. Amma mutanenmu sun ɗauka zane shi ne taya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta tsattsage, wayoyin ciki su yi tsatsa, duk ba ka gani daga waje. 'Yar Beljiyam tsohuwar taya ce da aka yar a Turai, kuma akwai dalilin yar da ita. Wata ta sha duka a gefe, wata an yi tafiya da ita ba iska har cikinta ya ƙone, wata shekaru ne suka cim mata. A nan sai a wanke ta, a goge da baƙin mai ta yi sheƙi, a jingine ta a bakin shago tana kiran mai tsautsayi.

Ga abin da za ka duba, kai da duk mai karatu. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana shelar cewa taya shekara huɗu gare ta, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a yar ko da zanenta cike yake. Ka ɗauki wanda ka ga dama, amma da zafin kwaltarmu a watan Afrilu da irin lodin da muke yi, ni ba zan jira goma ba. In ka ga wurin lambar an kankare, ko ya fi sauran jikin laushi da sheƙi kamar an liƙa, ka ajiye ka yi gaba. Ka leƙa cikin tayar da tocila ka nemi faci da wurin da ya yi tamoji ko ya kumbura. Ka dubi ƙasan zanen: in ka ga sawun wuƙa, ramin ba daidai ba, wani wuri ma waya na leƙowa, to suɗaɗɗiya ce aka sake yanka mata zane. Akwai tayoyin manyan motoci da aka yi su da kaurin da za a iya sake yanka su, kuma ana rubutawa a jikinsu, amma wannan aikin mai ma'auni ne, ba na yaro da zafaffen ƙarfe a bayan kasuwa ba. Ko su ɗin ma ba na so in gan su a gaba.

Sabuwar ma ba kowace ba. Akwai masu cusa taya cikin taya, uku ko huɗu, don kwantena ta ɗauki da yawa, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu. Wurin cusawa da zarewa bakin tayar ke lanƙwashewa, wayar ciki ta karye. Ka saye ta da ledarta, ka sa, ta kama rawa da kuka, ka yi ta yawon balansin a banza. Ka sayi taya inda za a ba ka rasit, inda in ta kumbura bayan sati biyu za ka koma ka tarar da mai shago. Ka kuma karanta lambar nauyi. A kan 315/80R22.5 yawanci za ka ga 156/150: kilo 4,000 ke nan in ita kaɗai ce, 3,350 in tagwaye ne. Mu kuwa sai mu ɗora abin da ya wuce wannan nesa ba kusa ba, ta fashe a Mokwa mu ce jabu ce.

Abin da zan ce maka, Alhaji: sababbi biyu a gaba, ko da ba na babban suna ba ne, muddin sabon bugu ne daga amintaccen dila. Waɗanda ka cire, in jikinsu lafiya, a mayar da su bodin baya su ƙarasa kwanansu. In kuɗin bai kai ba, ka ajiye mota ɗaya ta yi mako biyu ɗayar ta nemo mata. Kuma kafin sababbin su taɓa ƙasa, ka karanta amsar da na ba mutumin Funtuwa, don abin da ya sa tsofaffin kuka yana nan yana jiran sababbin.

Wani ya ce mai faci ya ba shi shawara ya rage iska ƙarar za ta ragu.

Ka canja mai faci. Taya mai ƙarancin iska gefenta ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi, kafaɗunta biyu su cinye, man da kake sha ya ƙaru, ƙarshe ta fashe. Iska ta yi yawa kuma tsakiya ke suɗewa. Ka sayi geji naka na kanka ka riƙa aunawa da safe tayar na sanyi, kuma kada ka sace iska in ta yi zafi a hanya, hauhawar nan da ma an san da ita. Bugun taya da ƙarfe ana sauraren amo yana nuna wadda ta sace sarai ne kawai, ba ya gaya maka ko iskar ta ragu da psi 15 a awon geji.

Na ƙarshe, mai tifa daga Zariya: "Masu bin bayana suna cewa motata a karkace take tafiya, ni kuma kullum sitiyari sai na riƙe shi gefe. Sau biyu ana yi mini alaimen a gaba."

An yi ta yi wa kai magani alhali ciwon a ƙugu yake. Aksil ɗinka na baya ne ya goce. A duba santabol, wato kusar da ke tsakiyar sifirin, ko ya karye, a duba yubol masu ɗaure sifirin da aksil ko sun saki, da bushin ɗin sandunan da ke riƙe aksil. Kowa ma zai iya gwadawa: a fili mai lebur, tayoyin gaba a miƙe, a auna da tef daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, dama da hagu. In awon bai zo ɗaya ba, ka kai ta wurin masu sifirin, a gama da baya sannan a koma a saita gaban karo na uku.