Kar ka canza littafin, ka buɗe kwamfuta

Ƙanina na ga saƙonka jiya da daddare, kace ka kai babi na shida a littafin Java ɗin nan, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka haddace ma'anar kilas da objek da gado tsaf amma in ka zauna gaban kwamfuta sai kanka ya ɗau zafi ka rasa ta ina zaka fara, wai ko ka canza littafi ne. Toh kar ka canza. Littafin lafiyarsa ƙalau, kai ne kake karanta shi kamar mai shirin jarabawa, alhali wannan aikin hannu ne, ba a koyon ɗinki da kallon keke.

Ka taɓa tsayawa wajen masu buga bulo? Ƙarfen da suke zuba yashi da siminti a ciki guda ɗaya ne amma bulo ɗari zai fito daga cikinsa, kowanne daban, in ɗaya ya fashe sauran suna nan. Kilas shine ƙarfen, objek shine bulon. Tun asali ma da Dahl da Nygaard suka fito da Simula a Norway, yaren kwamfutar da ya fara kawo kilas da objek, don kwaikwayon abubuwan da ake gani a zahiri suka yi ta, shi yasa nake so ka bar misalin kare da kyanwa na littafi ka ɗauko abun da ka sani.

Ka ɗauki shagon kayan masarufi a Kasuwar Barci. Ka rubuta kilas ɗaya mai suna Kaya, ka bashi suna da farashi da adadin da ya rage, sannan metod guda biyu, wato ayyukan da kilas ɗin zai iya yi, ɗaya sunansa sayar, ɗaya ƙaro. Daga nan ka fitar da objek uku, buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar mai, ka sayar da biyu ka buga ka ga nawa ya rage. Da yatsunka zaka buga kowane layi fa, banda kwafa ka manna, era, wato saƙon kuskure, zata fito ja saboda ka manta semikolon (;), ka karanta ta a nutse don lambar layin tana ciki.

Adadin nan kuma ka sa masa private, wato babu mai taɓa shi daga wajen kilas ɗin. Wallahi nan ne na taɓa shan wuya, na yi wa wani mai shago manhaja na bar adadi a buɗe kowane ɓangare na kod yana taɓa shi, ranar nan ya kira ni ransa a ɓace wai kwamfuta tace saura buhun sukari -3, kwana biyu ina neman inda ɓarnar ta shigo. Da ta metod ɗin sayar kaɗai ake rage kaya, layi ɗaya zai duba ko akwai kafin ya rage, shikenan. Abun da littafinka ke nufi da killace bayanai kenan.

Gado kuwa, wato kilas ya ɗauki abun da ke cikin wani kilas, ka bi shi a hankali, sabon shiga yana son ya sa komai ya gaji komai. Sai ka ga kana maimaita kod ɗaya a kilas biyu tukuna, misali kaya masu lalacewa irin madara da suke buƙatar ranar ƙarewa, lokacin zaka gane amfaninsa da kanka.

Ranar Asabar bayan la'asar ka zo shago da laftof ɗinka, ka cika caji tun daga gida saboda wuta, ina so in ga kilas ɗin Kaya yana aiki kafin mu taɓa babi na bakwai.